Kafin Ka Tura Jirgi Cikin Teku, Ka Fara Duba Ta Inda Za Ka Fito

Yau za mu ɗan bar tankin tarwaɗa da kududdufin karfasa mu leƙa teku, mu ga wani salon su da ya yi ƙarfi a Amurka, Ostareliya da Afirka ta Kudu, wato kamun kifi a ruwan gishiri da ɗan ƙaramin jirgin nan da ake kira kayak.

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne da ke can yankin ƙanƙara na arewacin duniya, waɗanda suke yin sa da fatar dabbar ruwa. Na yanzu da roba mai kauri ake yin sa. Na masunta yakan kai tsawon mita 3 zuwa 4 da rabi, mutum ɗaya yake ɗauka, a samansa ake zama, kuma da filafili mai baki biyu ake tuƙa shi. Akwai ma wanda ake takawa da ƙafa kamar keke, irin wanda kamfanin Hobie ya fito da shi a 1997. To amma ko wanne ka hau, jikinka ne injin. Matuƙi na tsaka-tsaki yana yin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, kuma idan ya gaji shi ke nan, babu gidan man da zai tsaya ya ƙaro ƙarfi.

Wannan ne ya sa zaɓen gaɓar da za a saka jirgi ya fi zaɓen ƙugiya da koto muhimmanci. Sabon shiga tambayarsa ɗaya ce: ina kifi yake? Tsohon hannu kuwa abin da yake fara tambaya shi ne: idan na gaji, iska ta juya, ruwa ya janye, ta nan zan iya dawowa? Dama Bahaushe ya ce iya ruwa fid da kai.

Wuri ɗaya, ruwa kala huɗu

Bari mu ɗauki wuri guda mu yi nazari a kansa. A jihar Fulorida ta Amurka, daidai bakin mashigin tekun Tampa, akwai wani wurin shaƙatawa mai suna Fot De Soto. Tsibirai 5 ne a haɗe, babbansu kuma yana da siffar reshe biyu da suka haɗu a kusurwa, kamar baki a buɗe. Ruwan da ke kewaye da shi hali huɗu gare shi.

A tsakiyar rassan nan biyu akwai wani lungu mai ɗan zurfi kaɗan, ƙasansa ciyawar ruwa, gefensa itatuwan mangurof masu saiwoyi a tsaye cikin ruwa. Ta yamma kuma rairayi ne da ke fuskantar buɗaɗɗen tekun Meziko. Ta arewa akwai wata ƙofar ruwa mai suna Bansis Fas, inda ruwa ke matsewa tsakanin tsibirai biyu. Ta kudu kuwa hanyar manyan jiragen dakon kaya ce masu shiga tashar Tampa. Daga wannan gaɓa zuwa waccan 'yan mintoci ne a mota, amma a rana ɗaya wani zai yini lafiya a lungu, wani kuma ya sha da ƙyar a ƙofa. Me ya raba su? Abubuwa ne da duk ana iya sanin su tun mutum yana kan tudu.

Iska: ruwan da ya kwanta luf ba kullum ne aboki ba

Kayak ba shi da nauyi, mai tuƙa shi kuma a zaune yake sama kamar tuta, don haka iska kaɗan ma tana tafiya da shi. Idan ta haura kilomita 20 a awa, sabon matuƙi zai fara jin jiki. Amma inda iskar ta fito ya fi ƙarfinta abin lura.

Iskar da ke tasowa daga teku zuwa tudu tana tayar da igiya a gaɓa, ruwa ya yi muni a ido, amma idan wani abu ya faru tudu za ta kawo ka. Wadda ke tasowa daga tudu zuwa teku ita ce mayaudariya. Bakin gaɓa zai kwanta luf saboda gidaje da itatuwa sun tare ta, ka shiga cikin daɗi tana tura ka ta baya, sai ka yi nisa sannan ka gane dawowar hawan dutse ce. A rairayin yamma na Fot De Soto, iskar gabas ita ce mai wannan hali. Ranar da take kaɗawa da ƙarfi, mai hankali sai ya koma lungun tsakiya, inda duk ta inda aka tura shi akwai ƙasa kusa.

Ga wata ƙa'ida da matuƙa ke bi: ka fara tafiya kana fuskantar iska tun da sauran ƙarfinka, don ta dawo da kai gida bayan ka gaji. Ke nan gaɓar da ta dace ita ce wadda iska za ta koro ka zuwa gare ta da yamma. Kuma a duba hasashen yinin gaba ɗaya, ba na safe kawai ba. A lokacin zafi a Fulorida, safiya kan yi tsit, da rana iskar teku ta taso, kafin la'asar hadari mai tsawa ya haɗu. Mai kayak riƙe da sandar fatsa shi ne abu mafi tsawo a kan ruwa, ka ga kuwa bai kamata tsawa ta same shi nesa da gaɓa ba.

Cika da janyewa

Wanda ya saba da kogi ko dam zai iya mantawa cewa teku yana cika yana janyewa kowace rana. A yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa cikin kusan awa 24 da minti 50, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan ragamar abin. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a tsayuwar wata da kuma wajen 14 ko 15 ga wata, sannan abin ya lafa wajen 7 da wajen 22. Mai bin lissafin wata dai ya riga ya sami rabin karatun.

A Tampa bambancin cika da janyewa bai fi ƙafa 2 zuwa 3 ba, kuma wasu ranakun sau ɗaya ma yake yi. Kar ka raina wannan. A lungun da zurfinsa iya gwiwa ne, ƙafa 2 ita ce tsakanin tuƙi da jan jirgi a cikin taɓo. Mutum ya shiga da safe ruwa na taɓa bakin hanya, ya dawo da azahar ya tarar da fili na laka mai haɗiye ƙafa tsakaninsa da motarsa, ga jirgi ga kaya ga gajiya. Iska ma tana ƙara nata: a lokacin sanyi iskar arewa kan kore ruwa daga mashigin har janyewar ta wuce abin da jadawali ya nuna. A watan Satumba na 2017, da guguwar Irma ta zo, sai da ruwan mashigin Tampa ya janye har mutane suka riƙa ganin ƙasan teku a fili.

Maganin abin mai sauƙi ne. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, tana wallafa jadawalin cika da janyewa kyauta a intanet. Bayan duba shi, sai ka taka da ƙafarka ka ga gaɓar a lokacin da ruwa ya janye ƙarshe. A nan ne wuri yake nuna ainihin fuskarsa: ina yashi mai tauri yake, ina taɓo, ina duwatsu, ina tarin ɓawon katantanwar teku mai yanka ƙafa kamar reza.

Ƙofar ruwa

Duk ruwan da ke shiga lungu da mai fita ta ƙofofi yake bi, irin su Bansis Fas, kuma inda ruwa ya matse nan yake gudu. Gudun ya fi tsanani a tsakiyar tafiyar, wato wajen awa ta 3 da ta 4 cikin awa 6 ɗin da ruwa kan ɗauka yana cika ko yana janyewa. Kifi na son irin wannan wuri domin ruwa na kawo masa abinci har baki, shi ya sa yake jan masunta.

Amma mu yi ɗan lissafi. A ce kana tuƙa kilomita 4 a awa, ruwa kuma yana gudun kilomita 3. Idan ka bi shi, tafiyarka ta zama kilomita 7 a awa, cikin rabin awa ka yi kilomita 3 da rabi. Da ka juyo kuwa, kilomita 1 kacal kake ci a awa. Tafiyar rabin awa ta koma dawowar awa 3 da rabi, in ma hannu ya jure. Mafi muni shi ne lokacin da ruwa ke fita teku iska kuma na shigowa ta kare shi. Nan igiya ke miƙewa tsaye, gajeru masu tsini, su kifar da jirgi a wurin da ruwan ke waje da kai. Don haka mai son shiga kusa da ƙofa ya daidaita lokacinsa yadda cikar ruwa ce za ta dawo da shi, sabon shiga kuma ya haƙura da ita tukuna.

Igiya, kaya da maƙwabta

Shiga daga buɗaɗɗen rairayi sana'a ce ta daban. Igiya rukuni-rukuni take zuwa, manya su jero, sai a ɗan sami sarari. Ka tsaya minti 10 zuwa 15 kana kallo kafin ka taɓa jirgi. Rairayi mai gangare a hankali ya fi mai tsaye, domin a mai tsaye igiya kan naɗe ta faɗo daidai kan yashi. Hancin jirgi ya fuskanci igiya kai tsaye, kaya duka a ɗaure, ƙugiyoyi a ɓoye. Kuma ka sani fitowa ta fi shiga wuya, saboda igiyar a bayanka take, ba ka ganin ta, tana iya juya jirgin ta gefe ta mirgina shi.

Sai batun nisa. Kayak na su tare da kayansa yakan haura kilo 40. Mita 200 a cikin yashi mai laushi da safe ba komai ba ne, amma bayan awa 6 a rana wani labari ne. A duba ko mota na iya matsowa, ko an yarda a ajiye ta, da lokacin da ake rufe ƙofar wurin. Idan za a taka cikin ruwa a sa takalmi, a riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, don kunamar ruwa da ke kwance cikin yashi ta ji motsi ta gudu.

Wurin da masu jiragen inji ke sauke nasu yana da daɗin shiga, amma siminti ne mai santsi, ga cunkoso, ga igiyar da inji ke tayarwa. Hanyar manyan jirage kuwa, irin ta kudancin Fot De Soto, a bar ta kwata-kwata. Katafaren jirgi ba ya iya kaucewa, ba ya iya tsayawa nan take, sau da yawa ma bai san kana wurin ba.

Doka ma tana cikin zaɓen wuri. A Fulorida ana buƙatar lasin kamun kifin ruwan gishiri, wasu kifayen suna da lokacin da aka hana ɗaukar su da iyakar tsawon da aka yarda. Dole ne a samu rigar ceto da usur a cikin jirgi, da farar fitila idan dare zai yi. Rigar dai a jiki take amfani, ba a bayan kujera ba.

Sai yanzu za a yi maganar kifi

Bayan gaɓa ta tsallake duk waɗannan ne ake tambayar kifi. Nagarin wuri shi ne wanda ke da gefen ciyawar ruwa, saiwoyin mangurof ko ɗan rami mai zurfi cikin kilomita 1 zuwa 2 daga inda ka shiga. Ƙarfin da ka kashe a hanya ba za ka same shi wajen su ba. Kuma a riƙe gaɓa biyu ko uku masu fuskantar ɓangarori dabam-dabam, yadda duk inda iska ta fito akwai wadda ke da kariya. Kafin ka tashi ka gaya wa wani a gida inda ka shiga da lokacin da za ka fito. Idan ka canza gaɓa ka sanar da shi, don ranar tsautsayi daga nan za a fara nema.

'Yan uwanmu da ke zaune a Legas ko bakin tekun Gana za su ga abin ba baƙo ba ne. Igiyar gaɓarmu mai ƙarfi ce, shi ya sa masuntan Elmina ke shigar da jiragensu cikin tafkin Benya su fake. A wannan gaɓa hunturu daga tudu yake kaɗawa zuwa teku, wato ita ce mayaudariyar nan da muka faɗa, ga hazo da ke ɓoye gaɓa. A garuruwan masunta da dama na Gana kuma ba a fita su a teku ranar Talata, baƙo sai ya tambayi manyan wuri kafin ya tsoma jirgi.

Duk ranar da ka tsaya a gaɓa zuciyarka na ɗar-ɗar, ka mayar da jirgi kan mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kifin kuma yana nan gobe. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.