BABBAN ADADI BA DODO BA NE

A shekarar 2012 an yi ƙidayar jama'a a ƙasar Nijar. A gundumar Tanut an samu mutum 429.150. A gundumar Belbeji an samu mutum 96.452.

Ɗan karatun manya in ya ga irin wannan adadi, sai gabansa ya faɗi. Amma babban adadi kamar gero ne a rumbu. Ba a ɗaukarsa gaba ɗaya, sai dami-dami.

Yadda ake karanta shi

A fara daga hannun dama. A ƙidaya lambobi uku, a sa ɗigo. Ukun da ke dama, gidan ɗari ne da goma da ɗaya. Abin da ke hagu da ɗigon, dubbai ne. Ke nan 429.150 shi ne dubu ɗari huɗu da ashirin da tara, da ɗari da hamsin.

In ɗigo biyu ne, an shiga gidan miliyan. A waccan ƙidaya, Nijar duka mutum 17.138.707 ne: miliyan 17, da dubu 138, da 707.

Cika ne ko mara?

Kowane adadi, ko cika ne ko mara. Cika yana rabuwa biyu daidai. Mara yana barin saura ɗaya. Lambar ƙarshe ita ke nunawa. In 0 ce, ko 2, 4, 6, 8, to cika ne. Adadin Tanut cika ne, na Belbeji ma haka. Na ƙasa duka ya ƙare da 7, mara ne.

Zai rabu biyar? Zai rabu uku?

Adadin da ya ƙare da 0 ko 5 yana rabuwa kashi biyar daidai. Na Tanut ya rabu. Na Belbeji bai rabu ba, yana barin saura 2.

Na kashi uku kuwa, sai a tara lambobin. A na Tanut: 4+2+9+1+5+0, an samu 21. Shi 21 yana rabuwa uku. To, 429.150 ma haka: kowane kashi 143.050.

Amfaninsa ga manomi da makiyayi

A takarda da tamma ake rubuta kuɗi. A kasuwa kuwa da dala da jika ake magana. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala 200.

Saboda haka, abin da ke hagu da ɗigo jikkuna ne. Abin da ke dama sai a raba shi biyar, a samu dala. In ƙungiya ta sayar da gero, aka rubuta 429.150, kuɗin jika 429 ne da dala 30.

A kula da sifiri. In aka bar shi a rubutu, adadin ya koma 42.915, wato jika 42 da dala 183. Sifiri ɗaya ya cinye fiye da jika 386. Kada kowa ya sa hannu a takarda sai ya ƙidaya lambobin da idonsa.

Aiki

In 96.452 kuɗi ne, jika nawa ne? A lissafa a allo, a nuna wa malami.