Haƙuri Daban, Zama Cikin Cuta Daban

 

A karatun Risala da muke yi tsakanin magariba da isha'i, da muka iso babin aure da saki, sai aka miƙo mana takarda daga ɓangaren mata, babu suna. Mai tambayar ta ce shekararta takwas a ɗakin miji, duka ya zama na yau da gobe, cefane sai ran da ya ga dama. Ta yi yaji sau uku, kowane karo iyaye suna mayar da ita tun kafin a zo biko, suna cewa aure ibada ne. Tambayarta ita ce: in ta nemi rabuwa, ta saɓa wa Allah?

Amsa ita ce a'a, ba ta saɓa ba. Mun ga ya dace mu faɗaɗa bayanin a rubuce, domin ba ita kaɗai ba ce, kuma iyaye da waliyyai ma suna bukatar su ji.

Haƙurin da ake yabo

Zaman aure ba ya yiwuwa sai da haƙuri, wannan kowa ya sani. Haƙuri da talaucin miji mai ƙoƙari, da rashin lafiya, da ɗan saɓanin hali, duk ibada ne mai lada. Akwai ma hadisin Saubanu, a wajen Abu Dawuda da Tirmizi, mai tsoratar da macen da ta nemi saki. Sai dai mutane suna faɗin rabinsa su bar rabi. Gargaɗin yana kan wadda ta nema babu wani dalili ne. Wadda ake duka, ko ake barin ta da yunwa, ai tana da dalili.

Aya ta 229 cikin Suratul Baƙara ta ba miji zaɓi biyu kawai: ko ya riƙe da kyautatawa, ko ya saki da kyautatawa. Aya ta 231 ta hana riƙe mace don a cutar da ita, ta kuma bayyana mai yin haka da cewa kansa ya zalunta. To, wanda ya ce ba zai saki ba, ba kuma zai kyautata ba, ya ƙirƙiro hanya ta uku wadda babu ita a littafin Allah.

Yadda aka yi a zamanin Annabi

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya fito sallar asuba, sai ya tarar da Habiba ƴar Sahlu tsaye a ƙofarsa da sauran duhu. Ta nuna masa ba za ta iya ci gaba da zama da mijinta Sabitu ɗan Ƙaisu ba. Bai kore ta ba, bai ce ta koma ta yi haƙuri ba. Ya saurare ta, ya saurari mijin, ta mayar da abin da aka ba ta, ta koma wajen danginta. A riwayar Buhari daga Ibnu Abbas, matar Sabitu ta ce ba ta zarginsa a hali ko a addini, duk da haka aka raba su bisa ta mayar masa da lambun da ya ba ta.

Ga kuma Barira. Da aka ƴanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina yana kuka. Annabi (SAW) ya nemi ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta bukata, aka bar ta a kan zaɓinta. Jama'a, in Manzon Allah bai tilasta ba, wane waliyyi ne zai tilasta?

Ƙofofi uku

Ta farko sulhu ce, kuma da ita ake farawa. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mutum biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Aikinsu su binciki gaskiya, ba su rufe bakin mace ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, in waɗannan biyun suka ga gyara ya gagara, suna da ikon raba auren.

Ta biyu khul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya. Wannan ƙofa ce ga wadda zuciyarta ta ƙi zaman, alhali miji bai cutar da ita ba. Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa fansar tana iya zama daidai da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama. Saki ne wanda babu kome a cikinsa, sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Amma a lura da kyau: in ta tabbata cutarwa ce ta sa ta biya, sakin ya auku, kuma dole a mayar mata da abin da ta bayar. Saboda haka mijin da ke ƙuntata wa mace da gangan don ta gaji, sannan ya zo da lissafin sadaki da kayan akwati da kuɗin gaisuwa har jaka ɗari nawa, haram yake nema ya ci. Aya ta 19 cikin Suratun Nisa'i ta hana wannan ƙarara.

Ta uku saki saboda cutarwa, wanda alƙali ke yi ko miji bai so ba, kuma mace ba ta biyan ko dala. Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa tana da wannan haƙƙi in cutar ta bayyana, ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Ibnu Asim a Tuhfa ya ce ana tabbatar da cuta ta hanyar shaidu, ko ta labarin da ya bazu tsakanin mutane. Duka mai jin jiki, zagin ta da iyayenta, ƙaurace mata ba dalili, duk suna ciki. Wanda ya daina ciyarwa kuma, alƙali yana ba shi wa'adi, in bai gyara ba a raba.

Wannan hukunci ba a cikin ɗaki ake yanke shi ba. A nan Damagaram ana farawa da dangi, da liman, da mai unguwa, sannan alƙalin fadar Sarki ko kotu. A Yamai mutane da yawa suna kai irin wannan ƙara ofishin Ƙungiyar Musulunci ta Nijar. Ko'ina aka yi, a karɓi takarda a adana. Wadda aka ji wa rauni ta je asibiti ta karɓi takardar likita. In kuwa ana tsoron rai, to a fita tukuna, a sanar da ƴan sanda ko jandarma, magana ta biyo baya. Tsare rai yana gaba da tsare surutun mutane.

Bayan an fita

Idda tsarki uku ce ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuma sai ta haihu. Wurin zama lokacin idda yana kan miji, amma in tana tsoron kanta a gidan tana iya sauya wuri, kamar yadda aka yi wa Faɗimatu ƴar Ƙaisu izini. Kayan ɗakinta nata ne. Renon yara a Malikiyya na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sutura kuma a kan uba. In uwar ta auri bare, reno ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. Ƙwace yaro da an yaye shi don a ƙona mata rai ba karantarwar littattafanmu ba ce.

Sai batun da ya fi hana mata fita: da me zan rayu? Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an saki innarsa, ta so ta fita girbin dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya hana ta. Annabi (SAW) ya ce ta je ta yi girbinta, wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Uwar muminai Zainabu ƴar Jahshi, wadda ita ma aurenta na fari ya mutu, tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka. Bazawara mai sana'a ba abin kunya ba ce. Matanmu sun san man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ɗinki, da kiwon jar akuya. Ga adashi, ga asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu a ƙasa. A shiga, amma a tambayi malamai yadda za a kauce wa riba a wajen rance. Makarantar matan aure ta masallacinmu kuma a buɗe take ga duk mai son komawa karatu.

Kada kuma a yi gaggawar sabon aure don gudun sunan zawarci. Faɗimatu ƴar Ƙaisu da ta gama idda shawara ta nema. Annabi (SAW) ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda yana dukan mata, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu, kuma ita da bakinta ta ce ta sami alheri a auren. Aya ta 130 cikin Suratun Nisa'i ta yi alkawarin cewa in ma'aurata suka rabu, Allah zai wadata kowannensu daga yalwarsa.

Gare mu iyaye da maƙwabta

Malam, in ƴarka ta zo da kumburarren ido, kafin ka ce ta koma, zauna ka ji ta. Hajiya, haƙurin da kika yi a zamaninki Allah Ya ba ki lada, amma ba sharaɗi ba ne ƴarki ta sha irinsa. Maƙwabcin da ke jin ihu ta katanga, ranar da aka nemi shaida kada ka ce ba ruwanka, domin aya ta 283 cikin Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Ku kuma mazaje, wanda ya san wannan rubutu ya taɓa shi, ƙofar tuba da gyara tana buɗe tun kafin a kai gaban alƙali.

Ba raba aure muke kira ba. Gida ɗaya da aka gyara ya fi mana daɗi. Abin da muke cewa shi ne kada mu rufe ƙofar da Allah Ya buɗe, sannan mu kira rufewar addini. Ƴar uwarmu mai tambaya, ki samu ɗaya daga malamai mata na makaranta ki yi mata bayani, za a haɗa ki da masu sulhu cikin sirri.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba wanda aka zalunta mafita. Amin.