Gyaran Kuskure a Shirin Lissafin Ɗalibi

Duk ɗalibin da ya ɗauki harshen shirya manhajar kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka wajen 1972, domin ya zuba makin jarrabawa cikin jerin gurabe ya fitar da matsakaicinsu, lalle zai gamu da ƙorafin manhajar da ke fassara umarninsa ga na'ura. Galibi illar ita ce waƙafi mai ruwa guda da aka manta a ƙarshen layi, ya haifar da ƙorafi barkatai. Hikima ita ce a gyara na farko, a sake gwadawa. Amma kuskure mafi hatsari shi ne wanda manhajar kan yi shiru a kansa, wato wuce haddin jeri: jeri mai gurbi 10 daga 0 yake farawa, ya tsaya a 9. Ɗalibi, ka tabbatar da wannan haddi da idonka.