Shin Ko Kun San? Faifan da "Sarki" Ya Ɓoye Sunansa

Shin ko kun san a 1946, a birnin Los Angeles na Amurka, mutum uku kacal suka shiga ɗakin naɗar sauti suka fito da faifan jaz da har gobe ake sauraro? Lester Young na busa saksofon, Nat King Cole ("King", wato Sarki) na kan fiyano, Buddy Rich na kan ganguna. Iyakarsu ke nan!

To, ga abin dariya. Da faifan ya fito, an nemi sunan Cole an rasa. "Aye Guy" aka rubuta. Dalili? Yana da kwantiragi da kamfanin Capitol, aikin kuwa na mai shirya faifai Norman Granz ne, sai aka laƙa masa sunan aro. Amma wa za a ruɗa? Mai kunne na jin yatsun nan ya san mai su.

Kuma ko uffan bai ce ba! Mutumin da duniya ta sani da zaƙin murya, bai rera ko baiti ɗaya ba.

Ku ƙara kasa kunne. Babu bes, ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye. Hannun hagun Cole ne ya ɗauki nauyinsa. A ƙungiyarsa ta kansa kuwa, mai bes akwai, makaɗin ganga ne babu. Kun ji juyi!

Buddy Rich fa? Yana ɗan wata 18 iyayensa suka fara hawa dandali da shi. Wata 18, jama'a! Ya girma ya zama gwanin gwanaye, alhali bai iya karanta rubutun kiɗa ba.

Shi kuwa Lester, a karkace yake riƙe saksofon, ya ɗaga ta gefe guda kamar za ta tashi sama. 'Yan watanni ne da sallamarsa daga soja, inda ya sha ɗauri, amma busar tasa a natse take, ba gaggawa. Ni dai ita ce ke sa ni maimaita faifan. Mawaƙiya Billie Holiday ce ta raɗa masa "Pres", wato shugaban ƙasa. Ashe Shugaba da Sarki ne a ɗaki ɗaya!

Saura guda. Adolphe Sax, ɗan Beljiyam, ya yi wa saksofon rajista a 1846. Ku lissafa: shekara 100 cif kafin wannan zama.