Buguwar kai a filin ƙwallo: yadda Taylor Twellman ya bar wasa yana da shekara 30

Ranar 30 ga Agustan 2008, a wasan New England Revolution da LA Galaxy a Amurka, Taylor Twellman ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai ta shiga raga. A daidai lokacin golan Galaxy, Steve Cronin, ya fito zai doke ta da hannu, sai naushin ya sauka a fuskar Twellman. Ya tashi ya ci gaba da wasa, 'yan kallo suna ta tafi.

Twellman ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ya ci ƙwallo 101 a gasar MLS, kuma a 2005 shi ne gwarzon gasar. Amma ba wannan ce buguwarsa ta farko ba, kuma daga ita bai sake komawa daidai ba. Ciwon kai ya ƙi tafiya, ga tashin zuciya, ga haske da ke damun idonsa. A 2009 wasa biyu kacal ya buga, a Nuwamban 2010 ya sanar da ya daina taka leda. Daga baya ya kafa gidauniyar ThinkTaylor don wayar da kai kan irin wannan rauni.

Haka ta faru da Kevin Doyle na ƙasar Ireland, tsohon ɗan wasan Reading da Wolves. Ya bar wasa a 2017 bisa shawarar likitoci, bayan buguwa biyu a kaka ɗaya, ga ciwon kai idan ya sa wa ƙwallo kai.

To me ke faruwa a cikin kan? Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Ba sai mutum ya suma ba, ba sai jini ya fita ba, sau da yawa ma hoton asibiti ba ya nuna komai. Babban haɗarin shi ne a sake buguwa kafin ta farko ta warke.

Wani bincike na Jami'ar Glasgow a 2019 ya gano cewa tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai. Daga Yulin 2024 kuma, dokokin wasa sun ba gasa damar amincewa da ƙarin canji idan ana zargin ɗan wasa ya bugu a kai.

Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne filayenmu na zango, inda babu likita a bakin fili. Yaro ya faɗi, a zuba masa ruwa a ka, a ce "tashi mana, kai ba namiji ba ne?" Shi kuwa yana tsoron kar a ba wani wurinsa, sai ya ce lafiyarsa ƙalau.

Don Allah malamai, kociyoyi da iyaye, mu lura. Idan yaro ya bugu a kai ya kama jiri, ko ya rikice, ko yana maimaita tambaya ɗaya, a fitar da shi, kar ya koma wasa ranar. Idan yana amai, ko barci na rinjayarsa, ko ciwon kan na ƙaruwa, a garzaya asibiti. Komawa fili sai a hankali, bayan likita ya duba shi.

Yaran nan amana ne a hannunmu. Wasan da aka rasa yau ana iya buga wani mako mai zuwa. Allah Ya tsare mana su.