Shin Sinadarin Maza Ne Ke Sa Namiji Saurin Hannu?

Idan aka ce wani magidanci ya lakaɗa wa matarsa duka, ko samarin unguwa biyu sun zare wuƙaƙe bayan an tashi daga wasan ƙwallo, da wuya a rasa wanda zai ce, "Ai namiji ne, jini ke ɗibarsa." Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, uzurin ya samu rigar boko: wai wani sinadari mai suna testosteron ne ke zuga maza, kuma wanda nasa ya yi yawa ba ya iya riƙe hannunsa. Ga kuma masu tallar allurai da ƙwayoyi suna hure wa matasa kunne, wai in suna so a riƙa shakkarsu, su ƙara wannan sinadari. Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu.

Mene ne testosteron?

Sinadari ne da jiki ke sarrafawa ya zuba cikin jini. A jikin namiji, maraina ne ke samar da mafi yawansa, bisa umarnin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Mata ma suna da shi, sai dai nasu kaɗan ne. Shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙara masa tsoka da ƙwarin ƙashi, ya kuma taimaka wajen sha'awa da samar da maniyyi. Ba ya zama wuri ɗaya: ya fi yawa da safe, ya sauka da yamma. Rashin barci da ƙiba da doguwar jinya suna rage shi, kuma daga wajen shekara 40 yana ja baya a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara.

Makiyaya da manoma sun riga masana sanin aikinsa. Tun kaka da kakanni ake dandaƙe bunsuru ya koma taure, a dandaƙe bijimi don ya yi ladabi a bakin garma. A shekarar 1849 wani malamin jami'a a Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru, sai suka daina cara da faɗa da bin kaji. Da ya mayar wa wasunsu maraina a cikin ciki, sai halin zakara ya dawo musu. A 1935 aka tace sinadarin kansa a birnin Amsterdam, kuma a shekarar aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji.

Gwajin zakarun ya tabbatar da cewa sinadarin yana da hannu a faɗa. Amma akwai abin da aka lura da shi daga baya: fiɗiya tana rage faɗa, ba ta kashe shi. Dabbar da ta daɗe tana karo kafin a dandaƙe ta, takan ci gaba da halinta. Abin da aka saba da shi yana da nasa ƙarfin.

Birin da ya san wanda zai cuta

A 1977 wasu masana biyu a Ingila, Alan Dixson da Joe Herbert, suka yi gwaji a kan wasu ƙananan birai na Afirka da ke zaune tare, kowanne ya san na gaba da shi da na bayansa. Da aka ƙara wa na tsaka-tsakiya testosteron, faɗansa ya ƙaru. To, wa yake yi wa? Bai taɓa manyan ba, ladabinsa gare su yana nan. Na ƙasa da shi ya hana sakat. Farfesa Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin gwaggon biri a Kenya, ya yi amfani da wannan misali wajen nuna cewa sinadarin ba ya ƙirƙiro mugunta, yana ƙara wa wadda ke nan ƙarfi ne. Kamar lasifika yake: tana ɗaga murya, amma ba ita ke zaɓar abin da za a faɗa ba.

Mu duba namu. Mai cewa zuciya ta ɗebe shi har ya mari iyalinsa, me ya sa zuciyar ba ta ɗebe shi a gaban ubangidansa a kasuwa, ko a gaban soja a shingen hanya ba? Wanda ya iya zaɓar inda zai huce, hankalinsa na jikinsa.

A tsakanin mutane ma, da masana suka tattara bincike masu yawa suka auna, sun tarar dangantakar yawan testosteron da tashin hankali mai rauni ce ƙwarai. Ba za ka auna jinin maza goma masu lafiya ka nuna wanda zai yi faɗa gobe ba.

Girma yake nema, ba jini ba

Abin da bincike ya fi karkata a kai shi ne, sinadarin yana zaburar da mutum wajen neman matsayi da kare shi. Sau da yawa ma gasa ce ke ɗaga shi. A 1990 wani masanin tsuntsaye, John Wingfield, da abokan aikinsa suka nuna cewa yana tashi a jikin namijin tsuntsu lokacin da abokin hamayya ya ƙalubalance shi a kan mace ko wurin zama. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994, an gwada yawun wasu magoya bayan Brazil da Italiya da ke kallo a talabijin. Bayan Brazil ta yi nasara, testosteron ɗin magoya bayanta ya hau, na magoya bayan Italiya ya sauka, alhali babu wanda ya taɓa ƙwallo a cikinsu.

Wani gwaji da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, aka wallafa a 2010, ya fi ban mamaki. An tara mata kimanin 120, aka ba wasu testosteron, wasu kuma aka ba su abin da babu magani a ciki, ba tare da kowacce ta san abin da ta sha ba. Sai aka sa su rabon kuɗi da wata, da sharaɗin idan waccan ta ƙi karɓar kasonta, duk sun yi asara. Waɗanda suka sha sinadarin na gaske sun fi yin rabon adalci. Waɗanda kuwa suka yi zaton shi suka sha, ko da ba shi ba ne, su suka fi yin rowa da son kai. Camfin da ke kansu ya ɓata musu hali fiye da abin da ke jininsu.

Zaman gida ma yana juya sinadarin. A birnin Cebu na ƙasar Filifin an bi samari sama da 600 na tsawon shekaru, sakamakon ya fito a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu, nasu ya ragu sosai, kuma uban da ke ɗaukar sa'o'i yana hidimar ɗansa ya fi samun raguwar. Wannan ba nakasa ba ce, jiki ne ke daidaita kansa da sabon nauyi.

Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: me ke jawo wa yaro girma a unguwarmu? Idan wanda ya fi iya sara ake yi wa kirari, 'yan siyasa su neme shi lokacin zaɓe, 'yan mata su san sunansa, to ƙuruciyarsa can za ta nufa. Idan kuwa mai sana'a da mahaddaci da gwanin kokawa da ke bin doka ake ɗagawa, ƙarfin nan zai bi wannan hanya. Ɗan dambe ya buge abokin karawarsa a fage, a raba su, su gaisa. Ƙarfi ɗaya ne da na ɗan daba, ƙa'ida ce ta bambanta su.

Hattara da allurar gina jiki

Yawancin abin da aka faɗa a sama ya shafi testosteron ɗin da jiki ke yi da kansa. Wanda ake ɗirka wa jiki daga waje, ninki-ba-ninki, don ƙirji ya buɗe, labarinsa daban. A wani gwaji da likitoci suka yi a Amurka, yawancin mazan da aka ba mai yawa halinsu bai sauya ba, amma wasu 'yan kaɗan sun shiga zafin rai da rawar kai, kuma ba mai iya sanin wanda abin zai faɗa wa tun farko.

Illar jiki kuwa ba ta da tantama. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini, sai ta dakatar da maraina. Su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, haihuwa ta yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa ga maza. Ga ƙurajen fuska, da sanƙo, da fitowar nono, da hawan jini, da kaurin jini, da ciwon zuciya. Nau'in da ake haɗiya yana iya taɓa hanta. Yaron da bai gama girma ba, tsayinsa na iya tsayawa. Wanda ya daɗe yana yi ya bari kwatsam kan faɗa cikin kasala da baƙin ciki da mutuwar sha'awa. Masu karɓa-karɓar sirinji kuma suna buɗe wa cutar ƙanjamau da ciwon hanta ƙofa.

Akwai mazan da nasu ya yi ƙasa da gaske, suna buƙatar magani. Amma gajiya ko raunin sha'awa kaɗai ba hujja ba ce, don ciwon suga da hawan jini da damuwa duk suna kawo haka. A je asibiti, a ɗebi jini da safe, a maimaita gwajin, likita ya yanke hukunci. Kada a karɓi allura daga hannun mai horarwa a wurin motsa jiki, ko mai talla a tasha ko a intanet.

Iyaye, idan zafin ran yaro ya sauya farat ɗaya, a binciki abin da yake sha da waɗanda yake yawo da su, a kai shi ga likita. Giya da ƙwaya da sholisho sun fi kusa da wuƙa a kan sinadarin da aka halicce shi da shi. Masu sulhu tsakanin ma'aurata kuma, a daina sallamar wadda aka daka da "yi haƙuri, haka maza suke." A kira mai dukan, a gaya masa laifinsa, in ta kama a kai maganar gaban hukuma.