Garahuni: Ganyen Danga Mai Daraja

Duk wanda ya tashi a Kwatarkwashi ya san garahuni, wanda mutanen Kano ke kira garafuni. Da damina ta kankama sai ka gan shi yana hawan danga da shingen gona, daga gindin dutse har ƙauyukan Bungudu da Tsafe. Ba mai shuka shi, ba mai yi masa noma. Iyayenmu mata sukan dafa ganyensa su yi kwaɗo da ƙuliƙuli, su kuma ba mai jego don jikinta ya dawo. Amma yaran yanzu da sun gan shi a kwano sai su ɓata fuska, su ce abincin talaka ne. To, masu karatu, bari mu leƙa wata ƙasa mu gani.

Can kudu maso gabashin Asiya akwai ƙasar Filifin, mai tsibirai fiye da 7,000. Suna da ɗan'uwan garahuninmu, sunansa ampalaya. Dangi ɗaya ne, sai dai nasu 'ya'yansa dogaye ne, masu ƙuraje a baya. A gona suke noma shi, su kai kasuwa, mai kuɗi da talaka kowa na saye.

Ga yadda uwargida take yi a can. Takan tsaga ɗan, ta kankare ƙwayoyin, ta yanka siri-siri, ta murza da gishiri, ta bar shi kamar minti 10, sa'an nan ta matse ruwan ɗacin. Sai ta soya albasa da tafarnuwa da tumatir, ta zuba shi, ta fasa ƙwai a kai. Mutanen Ilokos kuwa suna da miyar pinakbet, inda ake haɗa shi da yalo da kuɓewa da ɗanyen wake, a sa kifin da aka tsima da gishiri a matsayin daddawarmu. Ganyen kuma sukan zuba shi cikin faten wani ƙaramin koren wake, musamman ran Jumma'a, lokacin da Kiristoci da yawa a can ke barin cin nama.

Ina amfaninsa ga jiki? Giram 100 na ɗanyen ampalaya yana da bitamin C wajen miligiram 84, ya fi na lemon zaƙi, ko da yake doguwar dahuwa tana rage shi. Ganyen garahuni kuwa, kamar zogale da rama, yana ba da bitamin A mai taimakon ido, da sinadarin ƙarfe mai gina jini. A wannan zamani na tsadar abinci, ba ƙaramin taimako ba ne ga gida.

Amma a nan sai a yi hattara. Ma'aikatar lafiya ta Filifin ta sa ampalaya cikin tsire-tsire 10 da ta yarda da su, saboda yakan ɗan sauke sukarin jini. Duk da haka, a 2012 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka ce ba a sami isasshiyar shaida cewa yana maganin ciwon sukari ba. Saboda haka, ɗan'uwa, in kana shan magani, kada ka ajiye shi don wani ya ce maka ruwan garahuni ya isa. Ciwon sukari ba ya hayaniya. A ɓoye yake cin ido da ƙoda da ƙafa. In kuma ka haɗa jiƙo mai yawa da ƙwayar asibiti, sukarin zai iya faɗuwa ƙwarai har ka suma. Ka gaya wa likita abin da kake sha, a riƙa gwada jininka.

Mai juna biyu ta nisanci jiƙonsa, gama yana iya jawo ɓari. A kuma hana yara cin ƙwayoyin nunannen ɗan, masu jan nan, don sukan sa amai da gudawa.

Uwargida, a wannan damina ki tsinko ɗanyen ganye mai taushi, ki wanke sarai, ki tafasa kaɗan, ki zubar da ruwan fari, ki soya da albasa da ƙwai kamar yadda 'yan'uwanmu na Filifin ke yi. A ci shi don abinci, a bar wa likita aikinsa. Rigakafi ya fi magani.